Me ya haɗa Paramecium da ƙwayar cutar maleriya? Amsa kan dangantaka da rabe-raben halittu masu gashi

Wani ɗalibin ilimin halittu ya aiko da tambaya kamar haka: "Littafinmu ya sa Paramecium a rukunin Protozoa tare da Amoeba da Euglena, ya ce an raba su ne bisa abin da kowanne ke tafiya da shi. Sai na karanta a wani wuri cewa Paramecium ya fi kusa da ƙwayar cutar maleriya. Wanne ne daidai? Kuma su kansu masu gashin nan, yaya ake rarraba su yanzu?"

Ɗan'uwa, abin da ka karanta daga baya shi ne daidai. Littafinku yana bin tsohon tsari ne, wanda ya raba halittu masu ƙwaya ɗaya gida huɗu: masu tafiya da gashi, masu tafiya da bulala, masu miƙa ƙafar ƙarya, da waɗanda ke zaune cikin jikin wasu. Tsarin yana da sauƙin koyarwa, shi ya sa ya ƙi barin littattafan makaranta, amma bai ce komai a kan salsala ba. Protozoa, sunan da Georg Goldfuss ya ƙirƙiro a 1818, taron halittu ne da ƙanƙanta da motsi suka haɗa. Amoeba ta fi kusa da dabbobi da naman gwari fiye da kusancinta da Paramecium. Euglena kuwa 'yar'uwar Trypanosoma ce, ƙwayar da ke kawo cutar barci.

Su siliyet, wato waɗannan masu gashin, labarinsu daban ne. Rukuninsu na gaskiya ne, daga kaka ɗaya suka fito, kuma duk binciken da aka yi ya tabbatar da haka. Sunan rukunin Ciliophora, wanda Franz Doflein ya raɗa a 1901. An bayyana kimanin nau'i 8,000, daga masu tsawon maikuron goma, wato kashi ɗaya cikin ɗari na milimita, zuwa irin su Spirostomum da kan kai milimita huɗu, har ido na iya ganinsa kamar ɗan guntun zare a cikin ruwa.

Sai dai gashin ba shi ne babbar shaida ba. Abubuwa uku ne ke sa masani ya ce wannan siliyet ne. Na farko, cibiya (nucleus, ma'ajiyar gadon ƙwaya) iri biyu a cikin ƙwaya ɗaya: ƙaramar cibiya mai ajiye gado tsaf domin zuriya, da babbar cibiya mai gudanar da aikin yau da kullum, wadda ke ɗauke da kwafin ƙwayoyin gado masu yawan gaske. Na biyu, yadda suke aure: biyu su manne da juna, ƙananan cibiyoyinsu su rarrabu, su yi musayar rabin gado, su rabu, sannan kowanne ya rushe tsohuwar babbar cibiyarsa ya gina sabuwa. Na uku, saiwoyin da ke ƙarƙashin gashin, waɗanda aka jera layi-layi a ƙarƙashin fata da tsari na musamman.

Halittu uku za su nuna maka dalilin da ya sa ba a yarda da gashi kawai. Opalina, mai zama a hanjin kwaɗi, jikinta lulluɓe yake da gashi, an daɗe ana ɗaukarta a matsayin kakar siliyet. Amma cibiyoyinta duk iri ɗaya ne, kuma yanzu an san danginta suna can wajen Stramenopiles, reshen da ya ƙunshi diyatom da gansakukan teku masu ruwan ƙasa. Stephanopogon ma haka: ana yi masa kallon siliyet na farko-farko, har Lipscomb da Corliss suka duba shi da madubin lantarki a 1982 suka nuna ba ya cikinsu. A ɗaya gefen ga Suctoria. Wanda ya gama girma a cikinsu ba shi da gashi ko ƙwara ɗaya. Yana manne wuri guda, ya baza wasu siraran hannuwa masu ƙulli a baki, wani siliyet ya zo wucewa ya taɓa ɗaya ya maƙale, shi kuma ya zuƙe abin da ke cikinsa ta wannan hannun har ya bar fanko. Sai lokacin haihuwa asirinsa ke tonuwa, domin ɗan da ke fitowa daga jikinsa yana da layukan gashi, yana iyo har ya sami wurin zama, sannan ya zubar da su. Yana da cibiya iri biyu, yana aure irin nasu, siliyet ne cikakke.

To ina maleriya ta shigo? Idan aka yanka Paramecium aka duba da madubin lantarki, za a ga wasu jakunkuna shafaffu a jere a ƙarƙashin fatarsa. Irin waɗannan jakunkunan suna nan a jikin dinofilajelet, masu bulala biyu da suka cika teku, suna nan kuma a jikin Apicomplexa, rukunin Plasmodium mai kawo maleriya da Toxoplasma. A 1991 nazarin jerin ƙwayoyin gado ya nuna rukunan uku tsatsonsu ɗaya, kuma a shekarar ne Thomas Cavalier-Smith ya kira su Alveolata. A cikin gidan, dinofilajelet da Apicomplexa sun fi kusa da juna, siliyet su ne suka fara ballewa. Daga 2007 kuma aka gane cewa Alveolata da Stramenopiles da Rhizaria babban reshe ɗaya ne, wanda ake taƙaita sunansa da SAR. Kada ka ɗauka kusancin na jiya-jiya ne. Ƙiyasin da ake yi da saurin sauyawar ƙwayoyin gado yana kai asalin siliyet zuwa wajen shekara biliyan ɗaya baya. Abin da ake nufi kawai shi ne, a duk halittun da ke raye yau, waɗannan ne makusantansu.

Ɓangare na biyu na tambayarka shi ya fi daɗin bayani, don tarihin rarraba siliyet tarihin na'urori ne. Duk lokacin da aka sami sabuwar hanyar dubawa, sai an sake zana bishiyar.

Tun a shekarun 1670 Antonie van Leeuwenhoek na ƙasar Holan ya ga Vorticella ya siffanta ta. Tsari na farko mai ƙarfi kuwa na Friedrich Stein ne, a 1859, wanda ya dubi inda gashi ya tsiro a jiki ya fitar da gida huɗu: Holotricha masu gashi ko'ina daidai wa daida, Heterotricha masu gashin jiki da kuma manyan gashin baki, Hypotricha masu gashi a ciki kawai da suke tafiya a kai kamar ƙafafu, da Peritricha masu gashi zagaye da baki. Idan littafinku ya kira Paramecium holotirik, daga nan ya gado. Alfred Kahl, malamin makaranta a Hambag ta Jamus, ya zana ɗaruruwan nau'o'i da rai tsakanin 1930 da 1935, kuma har gobe masu wannan fanni suna komawa ga zanensa, don idonsa ya kama abubuwan da hoto bai cika kamawa ba.

Juyi na farko ya zo da azurfa. Bruno Klein a 1926, sannan Chatton da Lwoff a 1930, suka gano hanyar rina siliyet da sinadarin azurfa ta yadda saiwar kowane gashi za ta fito baƙa. Daga baya aka ƙara da rinin furotagol. Wanda bai taɓa ganin wannan ba ya yi rashi. Halittar da ɗazu take wulƙawa ta gaban madubi ba ka iya tantance komai a jikinta, yanzu ga ta kwance rawaya-rawaya, ɗigo-ɗigon baƙi sun jeru daga kai zuwa gindi, kana iya ƙirga layukan ɗaya bayan ɗaya, kana ganin inda suka karkace suka shige baki, babbar cibiya kuma ta yi duhu a tsakiya. A wanda aka kama yana tsakiyar rabuwa, za ka ga sabon bakin ɗan da zai fito daga rabin baya yana tsirowa daga wasu 'yan ɗigo da suka taru a gefen ciki. Da wannan hanyar hankalin masana ya koma kan baki. Emmanuel Fauré-Fremiet na Faransa da John Corliss na Amurka suka gina tsari a kai, kuma zuwa 1974 da 1979 an tsaya a kan aji uku: masu baki mai sauƙi, masu 'yan fuka-fukan gashi kaɗan a baki, da masu fuka-fukai da yawa. Tunanin shi ne an fara da sauƙi aka yi ta hawa zuwa sarƙaƙiya.

Tsarin yana da kyan gani, amma an ɗora shi a kan gaɓar da ta fi kowace saurin canzawa. Baki kayan neman abinci ne. Duk siliyet ɗin da ya koma tace ƙwayoyin bakteriya daga ruwa, zai amfana da jerin fuka-fukan gashi masu kaɗo ruwa, ko daga wane gida ya fito. Duk wanda ya koma farauta, baki mai faɗi a gaba ya fi masa. Saboda haka waɗanda ba dangin juna ba suka yi ta ƙarewa da baki iri ɗaya, alhali kama da wane ba ta wane.

Denis Lynn na Kanada ne ya fito da hujjar da ta karya wannan tsari, kuma a ganina ita ce tunani mafi amfani da aka taɓa kawowa a fannin. Ya ce abin da ke can ƙasa a ginin ƙwaya, wanda sauran sassa suka dogara a kai, ya fi wuyar canzawa fiye da abin da ke sama. Don haka a bar baki, a dubi gindin gashin jiki guda ɗaya. A gindin kowane gashi akwai turke, kuma daga turken wasu zaruruwa uku ke fita: ɗaya mai zane-zane da ke nufar gaba, da ɗauri biyu na ƙananan bututu, ɗaya ya nufi baya, ɗaya ya gitta gefe. Ko turken ɗaya ne ko biyu a haɗe, tsawon kowane zare, kusurwar da ya bi, duk waɗannan suna maimaituwa a cikin dangi ɗaya ko da siffar jiki ta sha bamban. Da wannan Eugene Small da Lynn suka fitar da aji takwas a 1981 da 1985.

Ajin Colpodea ne ya fi nuna ƙarfin wannan hanya. Colpoda ɗan ƙarami ne mai siffar ƙoda, yana zama a ƙasa, ya naɗe cikin kwanso idan wuri ya bushe, ya farfaɗo da saukar ruwa. Bursaria kuwa ƙato ne mai baki kamar rami, wanda aka daɗe da jingina shi da Heterotricha. Ba wanda zai kalle su ya ce 'yan gida ɗaya ne. Gindin gashinsu ya ce haka, kuma da aka zo aka karanta ƙwayoyin gadonsu sai suka gaskata shi. A wannan ajin ne ma ake da Sorogena, wanda idan abinci ya ƙare ɗaiɗaikunsa kan taru su hau kan juna su tayar da wani ɗan kara sama da ruwa, dabi'ar da ba a saba gani a siliyet ba.

Daga tsakiyar shekarun 1980 aka fara karanta jerin ƙwayar gadon da ke gina ƙaramin ɓangaren ribosom (injin ƙera furotin a cikin ƙwaya), wadda ake kira 18S. Kowace halitta mai cibiya tana da ita, kuma tana canzawa a hankali, don haka ta dace da auna tsohuwar dangantaka. Yawancin azuzuwan Small da Lynn sun tsira daga wannan gwajin. Babban abin da ya rushe shi ne haɗin Stentor da Euplotes. Dukansu suna da jerin fuka-fukan gashi a baki, dukansu an daɗe ana sa su a inuwa ɗaya a matsayin ƙololuwar ci gaba. Sai ga shi tsagin da ya raba su shi ne tsagi mafi zurfi a duk bishiyar siliyet.

Tsarin da Lynn ya tattara a 2008, mai aji 11, ya raba siliyet gida biyu. Gida na farko, Postciliodesmatophora, aji biyu ne kacal. Akwai Heterotrichea, su Stentor mai siffar kakaki da Blepharisma mai ruwan hoda da Spirostomum. Akwai Karyorelictea, su Loxodes da dogayen siliyet shafaffu da ke ratsa tsakanin ƙwayoyin yashin bakin teku. Abin da ya haɗa su shi ne ɗaurin bututun nan mai nufar baya yana da tsawo sosai, yana hawa kan na maƙwabta. Gida na biyu, Intramacronucleata, shi ya kwashe sauran duka, kuma alamarsa ita ce idan babbar cibiya za ta rabu, bututun da ke ja suna cikinta ne. A Heterotrichea a waje suke.

Karyorelictea sun cancanci a tsaya a kansu. Babbar cibiyarsu ba ta rabuwa sam. Duk lokacin da ƙwaya ta rabu, sai an ƙera sabuwa daga ƙaramar cibiya. Da ganin haka aka ce ai ga sauran mutanen farko nan, waɗanda ba su kai ga koyon raba babbar cibiya ba. Da haka ne, da sun kasance su kaɗai a gindin bishiya. Amma 'yan'uwan Heterotrichea ne. Sai bayani ya koma ɗayan biyu: ko dai kakan siliyet ya iya raba babbar cibiya, Karyorelictea suka yi watsi da abin daga baya, ko kuma bai iya ba, aka ƙirƙiro dabarar sau biyu, sau ɗaya da bututu a waje, sau ɗaya a ciki. Masana ba su gama wannan muhawara ba. Ni na fi karkata ga na biyu, saboda hanyoyin rabuwar biyu sun bambanta tun daga tushe, kuma hakan ya fi kama da ƙirƙira biyu fiye da gado ɗaya.

Babban gidan, Intramacronucleata, shi ma ya tsage biyu. Reshe ɗaya ana ce masa SAL, daga haruffan farko na azuzuwansa uku. A ciki akwai Spirotrichea, su Euplotes da Oxytricha da tintinid masu ƙera kwanso a teku. Akwai Armophorea, su Metopus da Nyctotherus, masu rayuwa inda babu iskar oksijin, ajin da ƙwayoyin gado ne suka haɗa shi. Akwai Litostomatea, inda maharba irin Didinium suke. Didinium kamar ƙaramar ganga yake da ɗamara biyu ta gashi da tsinin baki. Yana cin karo da Paramecium sai ya harba masa ƙananan kibau masu guba, ya riƙe shi, bakin ya buɗe ya haɗiye abin da ya fi shi tsawo. A ajin nasa ne kuma Entodinium da Isotricha suke, waɗanda suka cika tumbin shanu da tumaki, da Balantidium coli, siliyet ɗaya tilo da aka sani yana cutar da ɗan Adam, wanda ya fi yawa a hanjin alade. Ɗaya reshen, CONthreeP, ya ƙunshi Colpodea, Oligohymenophorea, Nassophorea, Phyllopharyngea, Prostomatea da Plagiopylea. Paramecium naka yana Oligohymenophorea tare da Tetrahymena da Vorticella. Suctoria suna Phyllopharyngea.

Kada ka zaci wannan rarrabewar wasan masana ce kawai. Masu kiwon kifi sun san cutar farin ɗigo. A ruwan daɗi Ichthyophthirius multifiliis ke kawo ta, a ruwan gishiri kuma Cryptocaryon irritans. Alamun iri ɗaya, zagayen rayuwa kusan iri ɗaya: shiga fatar kifi, girma, faɗowa, naɗewa cikin kwanso, fitowar 'ya'ya masu yawa. An daɗe ana ɗaukarsu 'yan'uwa na kusa. Ƙwayoyin gado sun nuna na farkon ɗan'uwan Tetrahymena ne a Oligohymenophorea, na biyun kuma yana Prostomatea. Kowanne da kansa ya faɗa wannan sana'a, don haka abin da aka gano a jikin ɗaya ba a ɗora shi a kan ɗayan sai an gwada.

Adadin azuzuwan bai tsaya a 11 ba. Wani babban nazari da Feng Gao da abokan aikinsa suka wallafa a 2016 ya kai su 14, kuma an ƙara wasu bayan haka. Cariacotrichea daga zurfin kwarin Cariaco da ke gaɓar Benezuwela aka samo su, inda ruwa ba shi da oksijin. Protocruzia an yi ta yawo da shi daga aji zuwa aji har aka ba shi nasa. Mesodinium, wanda wani nau'insa ke sace kayan sarrafa hasken rana daga gansakukan da ya ci har ya rina teku ja, shi ne mafi wuyar sha'ani. Ƙwayar gadonsa ta 18S ta yi saurin canzawa ƙwarai, kuma irin waɗannan dogayen rassa lissafin kwamfuta yakan ja su zuwa gindin bishiya ko ya manna su da wani dogon reshe ba don dangantaka ba. Shi ya sa yanzu ake gwada ɗaruruwan ƙwayoyin gado lokaci guda, har daga ƙwaya ɗaya tak da aka tsamo da siririn bututu, tunda yawancin siliyet ba sa yarda a kiwata su a ɗakin gwaji. Burbushin duwatsu bai cika taimakawa ba, don jikinsu laushi ne. Kwanson tintinid ne ya fi saura, sai wani mai kama da Vorticella da aka samu a cikin kwanson ƙwan matsattsaku a Antatika, mai kimanin shekara miliyan 200.

Ko ma'anar haruffan gado ba ta tsaya wuri ɗaya ba a wajensu. Jerin haruffa UAA da UAG, waɗanda a yawancin halittu ke nufin a tsaya da ƙera furotin, a Paramecium da Tetrahymena suna nufin gulutamin, ɗaya daga tubalan ginin furotin. A Euplotes, UGA ce ta koma nufin wani tubalin, sistin. Stentor coeruleus yana bin tsarin kowa. Idan ka ɗora waɗannan a kan bishiyar, za ka ga sauyin ya faru sau da dama a rassa dabam-dabam, don haka shi ma ba a rarraba aji da shi.

A matakin nau'i kuwa matsalar juyewa take yi: jiki ɗaya, gado daban. Tracy Sonneborn ya gano a 1937 cewa Paramecium aurelia yana da jinsunan aure, daga nan ya lura akwai ƙungiyoyin da ba sa aure da juna ko kaɗan duk da cewa ido ba ya bambanta su. A 1975 ya ba 14 daga cikinsu sunaye a matsayin nau'o'i masu zaman kansu. Haka aka yi da Tetrahymena: wanda aka gano sinadarin telomerase, mai gyara ƙarshen zaren gado, a jikinsa a 1985, aikin da ya kai Elizabeth Blackburn da Carol Greider ga kyautar Nobel ta 2009 tare da Jack Szostak, a da yana ƙarƙashin sunan pyriformis ne, sai a 1976 ya zama thermophila. Wannan na daga cikin abin da ya sa aka yi ta jayayya kan yawansu. Bland Finlay da Tom Fenchel sun ce nau'o'in siliyet da ba sa zama a jikin wasu ba su wuce kimanin 3,000 ba, kuma kowanne yana ko'ina a duniya. Wilhelm Foissner ya ce dubban gomomi ne, kuma wasu a yankinsu kawai ake samunsu. Samfuran ƙasa da na ruwa da ake karanta gadonsu yanzu suna ta fito da jerin da ba su dace da kowane sanannen nau'i ba, abin da ya fi ƙarfafa ɓangaren Foissner.

Idan jarrabawa ce a gabanka, ka amsa bisa manhajar da aka koyar da kai, amma in da wuri ka ƙara da cewa Ciliophora suna cikin Alveolata. Idan kuma aikin bincike za ka yi, ka sani ba a cika karɓar bayanin sabon nau'in siliyet yau ba sai da abu uku a haɗe: siffarsa da rai, rinin azurfa da ya nuna layukan gashi da baki da cibiyoyi, da jerin 18S. Inda ake zargin nau'o'i masu kama ɗaya, kamar a Paramecium da Tetrahymena, sai a ƙara da ƙwayar gadon cox1 ta cikin mitokondiriya, sashen ƙwaya mai samar da kuzari, domin ta fi saurin canzawa, tana raba waɗanda 18S ta kasa rabawa.